Cukun Inna a Cikin Firijina

Shekarun baya, lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori, na taɓa tafka wata wauta da har yau in na tuna da ita nakan ji kunya ni kaɗai. Bari in ba ku labarin, ku ma ku yi mini dariyar. Amma ba don dariyar kaɗai na kawo shi ba, labarin mahaifiyata ne, Allah ya jiƙan ta da rahama.

A lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, da aurena, ina haya a Talata Mafara. Na samu aiki a sansanin turawan da ke gina madatsar, mutanen Italiya. Sauran tsarana suna can suna fama da siminti da rana, ni kuwa aka ba ni makullin ɗakin sanyi, inda ake ajiye nama da kifi da sauran kayan abincinsu. In na fito daga ciki da rigar sanyi a tsakiyar bazara, leburori su bi ni da kallo, ni kuma in riƙa tafiya kamar ni na ƙera ɗakin.

Maigidana shi ne babban kukunsu, wani tsohon bature gajere mai tumbi da faɗan tsiya, amma zuciyarsa fes. Ya tsinci Hausa a bakin leburori, mace ya ce mata shi, namiji ya ce masa ita, amma dai ana fahimtar juna. A wurinsa na fara sanin cewa cuku iri-iri ne. Mu a gida cuku ɗaya muka sani, busasshen nan na Buzaye. Su kuwa akwai wani ƙato mai tauri kamar dutsen niƙa, wanda suke gogawa a kan taliya. Akwai wani fari mai laushi da ke zuwa a cikin ruwa. Akwai kuma wani mai ɗoyi, duk jikinsa fumfuna kore-kore. A satina na farko na ga wannan na ƙarshen, na ce to ga aikin da aka ɗauke ni dominsa, na kwashe shi kaf na kai bola. Ranar na ji zagi da yaren da ban sani ba har na ƙoshi. Ashe fumfunar ce tsadar.

Daga nan na riƙa kallo ina ɗauka. Sai dai kallon nawa rabi ne. Abin da na riƙe kawai shi ne sanyi ba ya barin abu ya lalace, kuma in sanyi ya yi kyau, ƙanƙara ta fi shi kyau. Ban taɓa tsayawa na tambayi tsohon nan me ya sa yake naɗe ƙaton cukun nan a ƙyalle ya ajiye shi can gefe kusa da ƙofa, bai taɓa kai shi wurin ƙanƙara ba. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ni nawa har da sarƙa.

Da wani baturen zai koma gida, sai ya sayar mini da tsohon firijinsa mai amfani da kananzir. Yana da tanki a ƙasa da lagwani kamar na fitila, in aka kunna aka bar shi sai ciki ya ɗauki sanyi, can sama kuma da ɗan akwati inda ruwa ke daskarewa. Ranar da aka sauke shi daga mota unguwarmu kamar ana suna. Dattawa sukan biyo bayan la'asar wai sun zo gaishe ni, alhali ruwan sanyi suka zo sha. Ni kuma in tsaya ina bayani kan yadda wuta ke haifar da ƙanƙara, abin da ni kaina ban gane ba har yau.

Mahaifiyata tana ƙauyenmu, wajen Maradun, a bakin gulbi. Ƙauyen na cikin waɗanda aka ce ruwa zai ci in an rufe madatsar, an kuma nuna wa mutane tudun da za su koma. Ba zan shiga labarin abin da mutanenmu suka ji a wannan tashin ba, wanda ya gani ya sani. Abin da ya shafi labarina shi ne saniyar Inna. Saniya ce fara mai ɗigon baƙi a wuya, ta gaje ta daga mahaifiyarta. A sabon wurin babu fadama, babu makiyaya, Inna kuma ga shekaru, ba mai yi mata yankan ciyawa. Kowa ya san saniyar nan ba za ta bi mu ba, mahautan kasuwar Talata ma har sun zo sun gan ta.

Mu biyu ne maza a wurin Inna. Ni ne auta, yayana kuma shi ne ɗan fari. Matasan yanzu ba lalle su gane abin da ake kira kunyar ɗan fari ba. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama wuri ɗaya da shi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a wurinta ya tashi, da nonon uwar saniyar nan aka raine shi, shi ya yi kiwon ta har ta haifi wannan. Daga baya ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, bayan yaƙin aka bar shi can kudu, ya yi aure ya hayayyafa. Rabonsa da gida a lokacin shekara shida. Ni kuwa auta, a cinyarta na girma, abin da na ce shi ake yi.

Farkon damina wasiƙarsa ta zo ta hannuna. Na hau keke na kai ƙauye, na zauna a tsakar gida ina karanta wa ƙanen mahaifinmu da ƙarfi, don na san wadda ake karanta wa da gaske tana bakin murhu ta juya mana baya. Ya ce an yi masa alkawarin hutu, zai zo Babbar Sallah in Allah ya yarda. Inna ba ta waiwayo ba. Ta gyara itace ta ce, kamar da tukunya take magana, "Sallar layya dai da saura."

Washegari ta fara yin cuku.

Ta koyi yin sa ne a shekarun fari, wurin wata Buzuwa da suka sauka a gidanmu da iyalinta har wata bakwai. Ni na sha ganin ta tana yi, amma sai a wannan karon na tsaya na kalla da kyau. Da sassafe za ta tatso nonon, ta bar wa maraƙi rabonsa. Tun yana da ɗuminsa za ta ɗiga masa ruwan da ta jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya a ciki, ta rufe ƙwaryar da faifai. Kafin ta gama shara ya kama. Sai ta kwashe shi a kan wani ɗan asabari na ciyawa da ta saƙa da kanta, ta riƙa danna shi da tafin hannu a hankali, ruwan na tsiyaya, har ya baje ya zama falle kamar tafin hannu biyu. Ga damina, ga laima, rana ba ta da tabbas. Don haka ta ɗaura wata 'yar ragaya a saman murhu, nesa da hayaƙi, inda ɗumi kawai ke isa, tana juya shi safe da yamma. Nonon rana ɗaya falle ɗaya yake bayarwa. Haka ta yi ta yi har ta tara talatin, kowanne da zanen asabarin a jikinsa, in ka ƙwanƙwasa shi ka ji ƙwas.

Na taɓa tsokanar ta na ce, "Inna, wanga cuku duka na wa na?"

Ta ce, "Na baƙi na."

Na ce, "Waɗanne baƙi?"

Ta ce, "Auta, tashi ka ba ni wuri."

Ranar wata Talata aka ja saniyar zuwa kasuwa. Inna ba ta fito ba. Daga ranar babu sauran nonon gidan kakarmu a duniya sai wanda ke cikin fallayen nan talatin. Abin da ba za ta iya faɗa wa ɗanta da baki ba, shi ta daskarar ta ajiye masa, kuma saura wata uku da ɗoriya ya iso.

Yadda aka saba, cuku a cikin gero ake binne shi a rumbu, geron ya riƙa shanye laima. To amma a shekarar rumbun ma rushe shi za a yi. An ɗure hatsi a buhuna, ana ta jigilar kaya a kan jakuna da amalanke, sabon wurin kuma bukkoki ne na wucin gadi, ruwa na shiga ta ko'ina. Na ga Inna na ta juya ƙwaryar cukun ba ta san inda za ta sa ta ba. Nan fa na ga ranata ta zo.

Na ce, "Inna, ba ni shi in kai Mafara in sa a firiji. Ko shekara za ya yi ba abin da ka taɓa shi."

Ta dube ni ta ce, "Akwatin ga naka, ba ruwa a cikinai?"

Na ce, "Ƙanƙara ta, Inna, ba ruwa ba. Turawa da ita su ka aje nama wata shidda. Ni da ni ka riƙe da makullin ɗakin sanyi gaba ɗai, cuku talatin za ya gagare ni?"

Na san abin bai kwanta mata ba, don sau biyu tana buɗe baki tana fasawa. Amma ni ne auta, kuma ni ne mai aiki da turawa, ba ta so ta gwale ni. Ta naɗe su a wani farin ƙyalle mai tsabta, ta ɗaure, ta miƙo mini da hannu biyu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kak ka bari shi jiƙe."

Ina isa gida na kwance ƙyallen nan na jefar gefe, don a ganina ƙauyanci ne. Na samo leda daga wurin aiki, na jera fallayen a ciki, na ƙulle baki tam, na cusa a akwatin ƙanƙara. Matata tana kallo ta ce, "Abin da ya riga ya bushe, mi za ka daskaram mai?" Na ce mata ta tsaya a kan tuwo, wannan fannin namu ne.

Wata guda komai lafiya. Sai aka tura ni Kano tare da babbar mota mu ɗauko kayan abinci. An ce kwana biyu, mota ta lalace a hanya muka yi shida. Matata kuma ta tafi Bakura sunan jaririn ƙanwarta. Kafin in tafi na duba komai, na rufe taga, na kulle ƙofa, abu ɗaya ne ban duba ba, tankin kananzir. Da na dawo na buɗe ɗaki sai na ga ruwa ya malalo daga ƙarƙashin firiji har ya bushe ya bar shaida. Lagwani ya mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Na jawo ledar, na ga gumi a cikinta, fallayen sun yi laushi suna lanƙwasa kamar fatar da aka jiƙa.

Da a ranar na kwance ledar na shanya su, da labarin ya zo da sauƙi. Amma tsoro da girman kai suka haɗu suka ba ni shawara. Na ce ai ƙanƙara ce ta tafi, in ta dawo shi ke nan. Na cika tanki, na kunna lagwani, na mayar da ledar yadda take, na rufe. Ban gaya wa kowa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tsohon firiji ne, bayan wannan mutuwar bai ƙara kama sanyi sosai ba, yau ya daskare gobe ya saki, ni kuma na daina buɗe akwatin saman gaba ɗaya don kada in ga abin da ba na so in gani.

Saura sati uku Sallah matata ta buɗe tana neman wurin sa nama. Na dawo daga aiki na tarar ta baje ledar a kan tabarma ta zauna tana kallo. Fallayen sun manne da juna sun zama curi guda. Gefensu ya yi kore da baƙi, wasu sun yi yauƙi, ga wani wari mai hawa kai.

Kun san abin da ya fara fita daga bakina? Na ce, "Ai turawa da hunhunar su ka cin nasu."

Matata ta dube ni ta ce, "To sai ka kai ma Inna ka hwaɗa mata hakanan."

Washegari na ɓanɓaro falle ɗaya daga tsakiya, wanda bai lalace sosai ba, na kai wa tsohon kukun. Ya juya shi, ya shinshina, ya kankare gefe da wuƙa, ya gutsuri ɗan tsakiyar ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa idonsa a rufe. Sannan ya ce, "Wannan wa ya yi?"

Na ce mahaifiyata.

Ya ce, "Mama naka babban kuku. Ba inji, ba firiji, hannu kawai?" Na ce hannu kawai. Ya girgiza kai. Da na ba shi labarin leda da ƙanƙara sai ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, "Shi ya cire ruwa, kwana da kwana ya cire ruwa. Kai ka mayar ruwa!" Ya ja ni har wurin ƙaton cukunsa ya nuna mini ƙyallen. Ya ce cuku mai tauri numfashi yake yi, in ka toshe shi a leda gumi zai kashe shi. Mai laushi in ya daskare ya narke sai ya zama gari-gari. Abin da ya narke kuma ba a mayar da shi ƙanƙara. Fumfunar nasu shuka ta ake yi da gangan, tawa kuwa ta ruɓa ce. Shekara biyu ina ɗakin nan, sai a ranar na ji wannan karatun, don sai a ranar na tambaya.

Na ce, to yanzu yaya za a yi? Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai san wannan cukun ba. "Tafi wurin wanda ya yi."

Tafiyar nan daga Mafara zuwa sabon ƙauyenmu ban taɓa jin nisanta ba sai ranar. Na tarar da Inna a ƙofar bukka tana tsince wake. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ni kuma ina amsawa ina jan gaisuwar don kada ta ƙare. Da ta ƙare na kwance ƙullin daga bayan keke na ajiye a gabanta na buɗe.

Ta daɗe tana kallo. Na so ta yi faɗa, na so ta zage ni, ko da mari ne da na fi jin daɗi. Ta sa yatsa ta taɓa gefen curin, ta ce, "Ya jiƙe."

Na ce, "Inna, laihina na. Kananzir yaƙ ƙare, kuma niɓ ɓoye."

Ta ce, "Na jiya. Ɗauko min wuƙa da gishiri, ka hura gawayi."

Kwana uku na yi a wurinta, na aika wurin aiki cewa ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya sosai ba. A kwana ukun nan na ga aikin da ban taɓa ganin irinsa a ɗakin sanyin turawa ba. Ta zauna da ƙaramar wuƙa tana raba fallayen ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai cire ƙaya. Kowanne sai ta shinshina, ta ɗaga shi ga haske, ta danna da farce. Wanda ruɓa ta shiga cikinsa ta ajiye hagu, ba ta ko sake kallonsa. Wanda abin ya tsaya a fata ta yanke gefen da nisa, ta kankare bayansa har sai farin ya fito. Sannan ta murza masa gishiri, ta ɗora a kan wata tsohuwar rariya can sama da garwashin da ya yi toka, yadda zafi zai ratsa shi ba tare da ya gasu ba. Tana juyawa tana taɓawa da bayan hannu. In hadari ya taso ta kwashe ta shige da su ciki, in ya wuce ta fito da su inda iska ke kaɗawa. Ni aikina fifita gawayi da korar kaji, kuma ko shi sai da aka gyara mini.

A rana ta uku ta ƙwanƙwasa su ɗaya-ɗaya kusa da kunnenta. Bakwai suka yi ƙara. Cikin talatin, bakwai, su ma duk sun ƙanƙance, ba mai cikakken gefe. Ta sa na samo sabon tulu wanda ruwa bai taɓa shiga ba, ta shanya gero a rana har ya yi zafi, ta bar shi ya huce, ta zuba a tulun, ta binne su a ciki, ta rufe baki da ƙwarya ta liƙe da laka. Ashe dabarar tana nan tun farko, tulu ɗaya da kwano biyar na gero. Surutuna ne ya hana ta tunanin ta.

Da zan tafi na tsuguna na ce ta yafe mini. Ta ce, "Kai ma alheri kan nuhwa. Tahi, kak ka yi dare." Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba a gabana ba, ba a bayan idona ba.

Yayana ya iso ana jibi Sallah, ya yi ƙiba, ya fara furfura. Ya je ya tsaya daura da inda ƙauyenmu yake da, ya ga ruwa, ya dawo. Da ya shigo gaishe da Inna ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita tana ciki ta juya gefe, ta amsa a taƙaice kamar baƙon da ya zo tambayar hanya. Bayan ya koma rumfar da aka yi masa shimfiɗa sai ta kira ni. Ta fasa bakin tulun, ta zaro biyu, ta ɗan gasa ɗaya a garwashi, ɗayan ta daka ta dama da fura. Ta ce, "Kai ma baƙo."

Na kai na ajiye. Ya ɗauki gasasshen ya gutsura. Ya tauna sau biyu sai ya tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ina hwarar saniyar?"

Na ce, "An sai da ta tun da damana."

Ya ce, "Wanga nononta na?"

Na ce, "Na ƙarshe."

Mutumin da ya je yaƙi ya dawo, na ga ya sunkuyar da kai yana ci hawaye na ɗiga a kan faifai. Ya cinye, ya tsince ɓarɓashin da yatsa, ya shanye furar. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji daga cikin bukka, ya ce, "A ce ma masu gida baƙo ya gode. A ce ya gane."

Daga ciki sai ƙarar muciya da ta ci gaba da tuƙi.

Ya yi kwana tara. An ƙara ba shi biyu a kwanakin, ranar da zai koma kuma ta ƙulle sauran ukun ta ba ni in sa a jakarsa, wai na yara ne. Har ya rasu bai san talatin aka yi masa ba. Ni ban iya faɗa ba, ita kuma ba mai faɗa ba ce.

Na yi shekaru ina aikin abinci bayan nan, a Sakkwato da Kaduna, har ana turo mini yara in koya musu. In sun tambaye ni wanda ya koya mini ajiyar cuku sukan zaci bature zan ce. Nakan ce musu bature ya koya mini dalili, amma aikin a hannun wata tsohuwa na gan shi, wadda ba ta taɓa shiga makaranta ba. Nakan kuma ce musu kafin ka gyara wa mutum abinsa, fara tambayarsa yadda yake yi. Wannan duka gaskiya ne, amma ba shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai ba.

Can bayan shekaru, tana zaune a gidana ta tsufa sosai, na sayo cuku a wurin wani Buzu a kasuwa na daka mata da fura. Tana sha ta ce ba laifi, amma nonon raƙumi ya yi yawa. Na yi dariya na ce, "Ai ba kamar naki na saniyar nan ba, Inna. Shi ƙaƙa ɗanɗanonai yake?"

Ta ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Ba ki sani ba kamar ƙaƙa?"

Ta ce, "Ban ci ba. Da nic ce in baƙo ya ci ya rage, sai in ɗanɗana. To, sai ya zan ba yawa."

Ta ci gaba da shan furarta. Ba da zargi ta faɗa ba, ta ma manta da wanda ya sa ya zama ba yawa, ko kuma ta nuna ta manta. Saniyar uwarta ce, ita ta tatsa, ita ta danna da hannunta kwana talatin, kuma rabonta na cikin ashirin da ukun da na ruɓar. Na tashi na fita waje don kada ta ga fuskata.

Yau ni ma na kai shekarun da take da su a lokacin. Na yafe wa yaron nan mai makullin ɗakin sanyi abubuwa da yawa, amma wannan har yanzu ban gama yafe masa ba. Ita kuwa tun a ranar, kafin gawayi ya kama, ta gama yafe masa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.